Sagarar da Ta Yi Cara a Gidanmu

Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ba ta taɓa ɗaga ɗan tsako ta ce mace ce ya tashi zakara ba. Haka na tarar ana faɗa a unguwarmu a Haɗeja lokacin da aka kawo ni, haka kuma na gani da idona shekara da shekaru. Wanda bai taɓa kiwo ba zai ce to sai me? Ai kuwa da sai me. Tsaba ba a banza ake samunta ba. Mace ce za ta yi ƙwai, ta yi kwanci, ta cika miki gida. Namiji kuwa ci ne da faɗa, sai dai a bar shi ya yi nama saboda baƙo ko kasuwa. Kowace mai kiwo tana so ta san wanda za ta riƙe da wanda za ta sallama tun suna ƙanana, kafin su cinye mata dusa. 'Yan tsaki kuma a wannan lokacin duk kamarsu ɗaya.

Shi ya sa da hantsi sai ka ga mata suna shigo mana da kwando rufe da tsumma, ciki ana ta kuka. Inna za ta sa a zube su a tsakar gida, ta watsa musu ɗan tsakin hatsi, ta bari hankalinsu ya kwanta. Sai ta ɗauki faifai ta wurga ta samansu, inuwarsa ta gifta kamar ta shirwa. Wanda ya miƙe wuya ya karkata kai yana duban sama, namiji ne. Wadda ta lafe a ƙasa ta yi tsit, mace ce. Ba ta tsayawa nan. Za ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta buɗe fiffike, don mace gashin fiffikenta da na jelarta kan riga fitowa, namiji kuwa ya daɗe yana yawo da gindi a waje. Ta matsa ƙafa ta ji kauri. Ta dubi zanko, wannan ɗan jan naman da ke kai, ko ya fara yin jini. Daga nan ta miƙa wa mai su, ta ce, "Wannan taki ce, wannan na tukunya ne."

Na sha gwadawa idan ta shiga ɗaki. Ni dai da na wurga faifan sai su watse gaba ɗaya, mazan da matan, uwarsu kuma ta taso mini.

Inna Bafullatana ce. Iyayenta sun rabu da shanu tun tana yarinya, amma kunyar nan ta Fulani ba ta bar ko ƙwaya ba. Mijina ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido. "Wancan" take cewa, ko "mutumin naki". Idan ya durƙusa a ƙofar ɗakinta da safe yana gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ni da na taso a gidan da uwa ke zagin ɗanta ta kuma rungume shi a lokaci guda, abin ya daɗe yana ba ni haushi. Ni kuma ba na iya haɗiye magana, kowa ya sani. Mun sha yi da ita a kan gishiri, a kan shara, a kan yara, amma a kan kaji ban taɓa cin nasara ba.

A shekarar da nake ba da labari idonta ya fara. Kowa a gidan ya lura, babu wanda ya isa ya faɗa. Sai ta miƙo mini allura ta ce in sa mata zare, wai hannunta da maiƙo. Sai maƙwabciya ta shigo, Inna ta gaishe ta da sunan wata. A farkon damina babbar kazarmu ta ƙyanƙyashe, cikin 'ya'yan akwai wata wake-wake, fari da baƙi, mai kaurin ƙafa da tsayin wuya, ga cin zali a wurin tsaba. Da suka ɗan tasa na ce, "Inna, wannan kam ai zakara ne, dubi ƙafa."

Ta ɗauka ta jujjuya, ta kai shi kusa da hancinta fiye da yadda ta saba. Ta ce, "Yaushe kika fara gani, 'yar nan? Mace ce. Riƙe ta, na ba ki. Ranar da ta saka ƙwai ki zo ki ba ni haƙuri."

Damina ta yi nauyi. Ruwan sama ya ƙi ɗagawa, aka kuma fara cewa an sako ruwa daga madatsan da ke sama. Mu mutanen Haɗeja ba ruwan da ke sauka a kanmu muke tsoro ba, wanda ya sauka a ƙasar wasu ya biyo kogi shi ne namu. Ga kachalla, wannan doguwar ciyawar, ta toshe hanyoyin da zai bi ya wuce. Kullum da safe maganar da ake yi ke nan, ya kai ina, ya rage nawa. Maza suka koma kwana da wuni a jinga, tudun ƙasar da ya tsare gari daga kogi, suna cika buhuna suna jerawa. Mata kuma kowa ta fara rage kaya. Idan aka ce a tashi, wa zai bi zakara a ruwa? Duk unguwar aka kwashe mazan kaji aka kai kasuwa, aka bar matan saboda iri. Mu ma Inna ta ware namu ta sallama. Sai gari ya riƙa wayewa babu cara ko ɗaya, kiran salla kawai da kukan kwaɗi. Ban san ina jin carar nan ba sai da ta ɗauke.

Gonar shinkafar mijina tana fadama ta wajen Auyo. Shinkafa ta nuna, ruwa kuma ya shige ta. Ya ce shi da maƙwabtan gonarsa za su je su yanki abin da ya samu daga cikin kwale-kwale, a sunkuya a kamo kan a yanka a jefa ciki. Abincinmu na shekara ke nan, ban iya cewa kada ya je ba. Ya hau babur zuwa inda hanya ta yanke. Ya durƙusa wa Inna kafin ya fita, ta ce wa bango, "Allah Ya tsare." Da farko yana kira da yamma. Daga baya in na kira sai a ce wayar a kashe take. Na ce caji ne, ina za a samu wuta a tsakiyar ruwa? Haka na riƙa faɗa wa yara, haka na riƙa faɗa wa kaina.

Wata safiya da hantsi ina wanke-wanke a gindin rijiya, Inna tana bakin ƙofar ɗakinta da carbi. Wake-waken nan, wadda a lokacin ta zama sagara, wato budurwar kaza da ta kusa fara ƙwai, ta yi tsalle ta hau turmin da muka kifa. Ta kaɗa fiffike. Ta miƙe wuya. Sai wata murya ta fito, a shaƙe, a karye, kamar ana jan ƙofar kwano. Kafin in ajiye kwanon da ke hannuna ta sake, wannan karon tas, cara sosai wadda za a ji a gida uku.

Carbin Inna ya tsaya. Ta ce, "Zakaran wa ya shigo mana?"

Na ce, "Ba na kowa ba ne, Inna. Wake-waken nan ce."

Duk wanda ya taso a wurinmu ya san abin da ake cewa. Kaza mace in ta yi cara a gida, maigidan take kira, wato gawarsa za a shigo da ita. Maganinsa kuma a yanka ta nan take kafin ta maimaita, maigidan ya ci naman. Ni na yi Islamiyya, na san camfi ne, na san rai a hannun Allah yake. Na ma buɗe baki na faɗa. Amma wallahi ban iya ci gaba da wanke-wanken ba. Mutum yana tsakiyar ruwa, wayarsa a kashe, sannan abu ya hau turmi ya yi wannan kukan a gidansa.

Na ce, "Ai dama na faɗa miki zakara ne. Zakara ya yi cara, mene ne a ciki?"

Da ƙarfi na faɗa, har da 'yar dariya, don ina so ta yi fushi ta zage ni mu koma yadda muka saba. Ba ta zage ni ba. Ta ce in kamo mata. Na kamo na sa mata a cinya, ta rufe ido ma gaba ɗaya, ta bi da yatsu. Ta shafa gashin wuya, ta ji bakinsa a zagaye yake ko a tsine. Ta shafa bayan ƙafa inda ƙaimin zakara ke tsirowa. Ta sa yatsu ƙarƙashin jela ta auna tsakanin ƙasusuwan nan biyu da ƙwai ke bi. Ta daɗe a nan. Ni kuma ina tsaye a kanta ina roƙon Allah a zuciyata, Ya Allah Ka sa tsohuwar nan ta yi kuskure, Ka sa idon ne ya ci amanarta. Domin abin guda biyu ne kawai. In zakara ne, to Inna ta makance, mijina kuma ba abin da ya same shi. In kuwa har yanzu Inna ce Inna, to mace ce ta yi cara.

Ta saki kazar. Ta ce, "Je ki nemo mai yanka."

A wurinmu mace ba ta yanka. Ko tattabara ce sai an kira namiji. Na zura hijabi na fita, a zatona aikin minti kaɗan ne. Ina! Zauren maƙwabta babu kowa. Tsohon ladanin masallacinmu, wanda ya saba yi mana yanka, an ce shi ma yana jinga yana riƙe wa matasa bakin buhu. Rumfar mahauci a rufe. Layi bayan layi mata ne da jarirai da kayan da aka ɗaure. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwatar layinmu. Tun da nake ruwanta gangarawa yake wajen kogi. Ranar na ga yana dawowa baya a hankali, ɗauke da leda da karmami, yana nufo gidajenmu.

Na daure na ƙarasa jinga. Na hau na duba, na ce innalillahi. Babu gona, babu hanya, babu ɗaya gaɓar. Ruwa ne ja har inda ido ya tsaya, kawunan itatuwa suna leƙowa, yana lasar buhun ƙarshe. Ta bayana kuma rufin gidajen mutane ne a ƙasa da shi. Na matsa kusa da wani dattijo da ke jan buhu, na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah yanka za a taimaka mana da shi, kaza ce." Ya ɗago ya dube ni da jan ido ya ce, "Gari zai nutse kina maganar kaza? Ke wace iri ce?" Kunya ta hana ni faɗin dalili. Ina juyawa na ji wasu biyu suna cewa wani kwale-kwale mai ɗauke da shinkafa ya kife ta wajen Auyo. Na tambaye su na waye, su wa ke ciki? Suka ce su ma ji suka yi.

Ban faɗa wa Inna wannan ba. Na ce dai ban samu kowa ba. Muka kifa wa kazar kwando, muka ɗora dutse, muka lulluɓe da buhu don ta ɗauka duhu ne. Da la'asar ta yi cara daga cikin kwandon. Washegari ta yi tun kafin rana ta fito, ta kuma yi da hantsi. Duk sanda ta yi sai in ga kafaɗar Inna ta motsa kamar an tsikare ta. Ta daina cin abinci. Sunansa dai ba ta kira ba, ba ta kuma ce in sake gwada wayar ba, amma duk lokacin da na ɗauki wayar sai carbinta ya tsaya har in ajiye.

A unguwar da babu zakara ko ɗaya, cara ba ta ɓoyuwa. Mata suka fara shigowa. Waɗannan da suka saba shigowa da kwando da hayaniya, yanzu sai su yi sallama ƙasa-ƙasa, su gaishe da Inna, su nemi gefen tabarma su zauna. Wata ta dube ni ta kawar da kai. Wata ta ce, "Sai haƙuri, sai addu'a." Wata maƙwabciyarmu mai ƙatangar da ta haɗa da tamu har da kawo kunu a kwano ta ajiye a gabana. Na dubi kwanon, na dubi yadda suka jeru jingine da bango da mayafansu a ka, sai na gane irin zaman da ake yi. Zaman makoki ne ake yi mini, mijina ko labarinsa ba a ji ba.

Jinina ya hau. Na ce, "Wa ya mutu a gidan nan? Ku faɗa mini, wa ya mutu?"

Kamar jira take, kazar ta saki cara daga ƙarƙashin buhu.

Ban san lokacin da na shiga madafa na ɗauko wuƙa ba. Na goga ta a bakin turmi, na ture dutsen, na cafko kazar. Mata suka ɗau salati. Maƙwabciyar ta ce, "Ke, kina da hankali? Mace da yanka? Mushe za ki yi!" Na ce malamarmu ta karantar da mu ya halatta, wadda ba za ta ci ba kada ta ci, ba don tukunyar kowa nake yi ba. Na dubi Inna, don gidanta ne, kuma a gabanta ko wuƙar yankan kuɓewa ba na ɗauka ban tambaya ba.

Inna ta ce, "Ki ba ta ruwa tukuna. Ki fuskanci gabas."

Na ba ta ruwa. Na taka fiffiken da ƙafa ɗaya, ƙafafunta da ɗaya, yadda na saba ganin ana yi. Na yi bisimilla na ja. Ban taɓa sanin jinin kaza yana da zafi haka ba. Na tafasa ruwa na fige, babu wadda ta taya ni, babu kuma wadda ta tashi ta tafi. Kowa ta san abin da ake jira. Waje zai iya ruɗin mutum, amma ciki ba ya ƙarya. Zakara yana da marainansa biyu manne da ƙashin baya, farare kamar wake. Mace kuma tana da tarin ƙananan ƙwai a wuri guda.

Na tsaga cikin. Kafin in sa hannu Inna ta ce, "Kawo nan."

Na durƙusa a gabanta na riƙe mata kwanon. Ta janye hanjin gefe, ta tura yatsu can ciki ta bi ƙashin baya. Ni ce kusa, kaina kusan yana taɓa nata, kuma idona lafiya lau yake. Na gan su. A cure suke kamar zangarniyar gero, rawaya, wasu ƙanana ƙwarai, biyu ko uku sun fara girma. Ƙwai ne. Inna ba ta yi kuskure ba.

Yatsunta suka tsaya a kansu. Ta cisge su gaba ɗaya ta dunƙule a tafin hannunta. Ta ɗago kai wajen matan, da muryarta ta kullum, ta ce, "Zakara ne. Ga marainansa na taɓa. Yarinyar nan ta faɗa mini tun yana ƙarami, na ƙi ji."

Kai, ka ga yadda tsakar gidan ta sauya! Aka yi ta alhamdulillahi, mayafai suka sauka kafaɗa, wata har da guɗa ƙasa-ƙasa. Maƙwabciyar ta tafa hannu ta ce, "Yau ga ranar da Inna ta faɗi! Ashe dai idon ya fara tafiya, Inna?" Suka sa dariya, irin dariyar wanda ya sauke kaya.

Inna ta ce, "Ya tafi ma. Daga yau ku kai 'yan tsakinku wani gidan."

Shekarun da ta yi ana shigo mata da kwando, da wannan maganar ta rufe su, kuma ba a sake kawowa ba. Suka watse suna ta maimaitawa a zaure, kafin azahar labari ya gama unguwa cewa zakara ne, tsohuwa ce ta ruɗe.

Muka rage mu biyu. Hannunta na nan a dunƙule, ruwan ƙwan yana tsiyayowa ta tsakanin yatsunta. Ta ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani, Inna."

Ta ce, "To ba ki gani ba. Ba za a zauna masa makoki a gidana ba." Ta miƙo hannun na zuba mata ruwa daga buta har ya fita tas. Sannan ta ce, "Ɗora tukunya. Ki ware wa wancan ƙirji da cinya."

Na yi farfesu, na ba yara nasu, na ware nasa a ƙaramar tukunya. Ni da ita ba mu taɓa ba. Safe da yamma nake ɗumamawa don kada ya lalace, in ya ƙone in ƙara ruwa. Inna kan saurari ƙarar murfin, in na makara ta ce, "Ba ki ɗumama ba." Ruwa ya shigo layin da ke bayanmu, aka kwashe mutanensa zuwa makaranta. Aka ce an tsamo mutane a wajen Auyo, ba a san ko su waye ba. Na ci gaba da ɗumamawa har naman ya saki ƙashi, ya zama zare-zare, romon ya yi baƙi.

Da wata azahar ina tsugune ina hura wutar na ji sallama a zaure. Muryar ta dushe, amma tasa ce. Ya shigo ba takalmi, ƙafafunsa sun yi fari sun tsattsage saboda ruwa, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya, da rabin buhun jiƙaƙƙiyar shinkafa a kafaɗa. Yara suka ruga suka riƙe shi. Ya ajiye buhun ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, na dawo." Daga ciki ta ce, "To, madalla."

Ya zauna a tabarma ya ce yunwa yake ji, ko mene ne a ba shi. Na juye masa tukunyar. Ya kai loma ɗaya, ya ɓata fuska ya ce, "Wannan naman ai ya sha wuta. Na yaushe ne?" Ya fara tura kwanon wajen yara.

Sai muryar Inna ta fito daga ɗaki, da ƙarfin da ban taɓa jin ta yi masa magana da shi ba.

"Kai za ka ci. Ka cinye shi duka, har ƙashin. Kada ka bar komai."

Ya dube ni yana neman bayani. Na zagaya bayan ɗaki na toshe bakina da zani, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ya tafi, ina jin shi yana tauna ƙashin.